Allurar Doki a Gidan Chebo

Ran Litinin da safe Chebo, mijin ƙanwata, yake auna zakarun faɗansa, kuma daga watan Agusta sai ya fara haɗawa da ɗansa a cikin awon. Tagar ɗakin girkina tsakar gidansu take kallo, saboda haka duk abin da zan faɗa da idona na gan shi, ba a kanti na ji ba. Zai sa zakara a buhu ya rataye a sikeli, ya sauke, ya ɗauko wani. In ya gama da su sai ya jawo babban sikelin da ya aro a wurin mahauci, ya ƙwala wa Wilkin kira.

"Laba ɗari da talatin da biyu," in ji shi. "Makon jiya ma haka. Kai duk ƙwan da kake ci ina yake zuwa?"

"Ina ci, Baba."

"Ci ba shi ne ba. Nama nake son gani."

Wilkin ɗan ƙanwata Nereida ne, shekararsa sha huɗu, dogo siriri, mai kunya. A gidan horon Koci Plinio yake koyon jifa a wasan ƙwallon sanda, kamar rabin yaran garinmu San Pedro. Plinio ne ya gaya wa uban cewa Amurkawa za su zo duba yara a watan Nuwamba, kuma ba sa ɗaga kai su kalli yaron da jifansa bai kai gudun mil casa'in a awa ba. Wilkin tamanin da uku yake yi. Plinio ya ƙara da cewa yaron da ya kai sha shida ba a yi maganarsa ba ya zama kwantai.

Ni nake da firij mai batir a gidan, don ƙanƙarar lemo nake ƙullawa ina sayarwa, kuma wutarmu ta fi daɗewa a ɗauke. Wata Laraba Chebo ya shigo mini da ƙullin baƙar leda.

"Yaya Fior, ajiye mini wannan can ƙasa, kada ya ji zafi. Bitamin ne na yaronki."

Yana fita na kwance. Kwalba ce 'yar ƙarama, da hoton doki a jikinta, da tambarin kantin maganin dabbobi na bakin kasuwa. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma doki dai na san shi. Na bi shi har rumfar zakaru na ce, "Chebo, yaushe Wilkin ya fara haniniya?"

Ya yi dariya. Chebo mutum ne mai daɗin baki, zai iya sayar maka da ruwan teku a bakin teku. "Shekara ashirin ina yi wa zakaruna irinta. Kin taɓa ganin ɗaya ya mutu a hannuna? A dandali suke mutuwa, a hannun abokin faɗa. Sirrin abin awo ne kawai. Zakara laba huɗu ne, na san abin da yake ɗauka. Yaro laba ɗari da talatin, sai ka ninka. Wawayen da ke kashe 'ya'yansu ba sa awo."

Na koma na mayar da kwalbar ƙasan firij, bayan buhun ƙanƙara. Gara in faɗa tun yanzu, ni ma na sa rai. Wilkin ya sha gaya mini in ya sa hannu da Amurkawa zai rushe mini ɗakin katakon nan ya gina na bulo, kuma na riga na zaɓi fentin da nake so.

Litinin da Alhamis ake yi wa Wilkin allurar, kafin ya tafi fili. Chebo zai zo ya karɓi kwalbar, su shiga rumfar zakaru su ja labulen buhu. Nereida kuma a daidai lokacin take ƙure rediyo tana wanke-wanke. Na taɓa ce mata, "Ke uwa ce ko mai aiki? Kin san me ake ɗura wa ɗanki?"

"Yaya, kowa yana yi. Kina jin yaran da ke fitowa a talabijin da mangu, tuwon ayabar nan namu, da wake suka yi ƙirjin nan? In ba a yi masa ba, a yi wa na maƙwabta, su wuce shi yana kallo. Ko so kike ya ƙare a gonar rake irin babanmu?"

Na koma ɗakina na ci gaba da ƙulla ƙanƙara.

Da farko abin ya yi kamar gaskiyar Chebo ce. Mako uku jifa ya koma tamanin da shida, mako biyar tamanin da takwas. Kafaɗun yaro suka buɗe, murya ta yi kauri. Chebo ya riƙa zama a bakin kanti yana buga wasan domino da ƙarfi, yana cewa a kalli ɗansa da kyau tun ana iya ganinsa kyauta. Har masu acaɓa suka fara ɗaukar Wilkin ba kuɗi.

Sai ƙuraje suka feso masa a baya, manya masu ruwa, har rigarsa tana mannewa. Sai fushi. Yaron da kullum in zai fita sai ya leƙo ya ce, "Sa mini albarka, Inna," ran nan don na ce ya rufe mini firij da kyau ya naushi ƙofata har katako ya tsage. Ya tsaya yana kallon hannunsa, sannan ya durƙusa ya fashe da kuka.

"Inna, ban san me ke damuna ba. Ji nake kamar jinina yana tafasa."

Na gaya wa ubansa. Chebo har murna ya yi. Ya ce zakaran da ba ya sara a keji ba zai sara a dandali ba.

A cikin Oktoba na fara ganin farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Bayan gida ɗaya muke shiga, kuma na ga abin da yake bari, fitsari baƙi kamar kofi, shi ma ɗan kaɗan. Abinci ya daina shiga. Nereida za ta tuƙa masa mangu ta soya ƙwai huɗu, ya ci loma biyu ya zagaya bayan rumfa ya amayar. Uwar ta ce zafin rana ne, ta dafa masa ganye. Uban ya ce ai haka zakara yake yi in jiki yana sauyawa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, yaro ba ya ci, amma sikeli sai hawa yake. Laba ɗari da arba'in da biyar. Mako na gaba ɗari da hamsin da ɗaya. Chebo ya kira maƙwabta su zo su gani. Kuma tun da shi da awo yake aiki, duk lokacin da nauyi ya ƙaru sai ya ƙara abin da yake ja a sirinji. Kwalbar da take yin mako uku ta koma ƙarewa a kwana goma.

Wata safiya na tarar da Wilkin zaune a dakalina yana kokawa da takalmin wasansa, ƙafa ta ƙi shiga. Na tsuguna na danna ƙwaurinsa da babban yatsana. Da na ɗaga, ramin ya tsaya a wurin bai koma ba. Haka ƙafar mahaifiyarmu ta yi kafin ta rasu.

Na jawo shi har gaban ubansa. "Duba nan. Wannan ba nama ba ne, ruwa ne. Sikelinka ruwa yake aunawa, kai kuma kana ta ƙara masa allura a kai."

Chebo ya duba, ya kawar da kai. "Yaya Fior, kin taɓa kiwon ko kaza?"

"Na yi jinyar uwata. Mu kai shi asibiti yau."

"A kai shi a rubuta a takarda? Garin nan da ba a rufa asiri? Kafin la'asar labari ya kai kunnen Amurkawa, shi ke nan an shafe sunansa. Saura kwana takwas a zo dubawa. Daga ranar na daina, jiki ya wanke kansa kafin a zo gwajin fitsari. Na tsara komai. Ke kin fi ni sonsa ne?"

Ya karɓi takalmin, ya ɗauko wuƙar da yake gyara wa zakaru ƙafa, ya tsaga gefe da gefe. Ƙafar ta shiga. Ya ce, "Ga shi nan, magana ta ƙare."

Ban haƙura ba. Na rufe sana'ata na hau acaɓa zuwa filin Plinio. Na same shi a inuwa da 'yar na'urarsa ta auna gudun jifa a cinya, yara wajen talatin suna ta gudu a rana. Na ce masa ya dubi idon Wilkin.

"Baiwar Allah, ni likita ne? Ni jifa nake koyarwa."

"Kai ka ce a ƙara masa nauyi."

"Na ce yaro ya yi rama, ya ƙara jiki. Na ce a yi masa allura? Tambayi duk yaran nan, wa ya taɓa ganin sirinji a hannuna? Abin da uba ya yi da ɗansa a cikin gidansa, ni ina ruwana?" Ya ɗaga na'urar ya nuna mini lamba. "Jiya tamanin da tara ya yi. Yaron da ba shi da lafiya ba ya jifan tamanin da tara. Koma ki sayar da ƙanƙararki."

Da na dawo gida na yanke shawara. Alhamis da safe Chebo ya zo karɓar kwalba na ce babu, na jefa a masai. Ƙarya nake, tana nan inda take. Ya zage ni tas, ya ce baƙin ciki ne na wadda ba ta haifa ba. Na ce ya faɗi duk abin da ya ga dama. Ya fita yana huci.

Bayan kamar rabin awa sai ga Wilkin. Bai buɗe ƙofa da ƙarfi ba, a hankali ya shigo ya jingina da bango, fuskarsa a kumbure har idanun sun ƙanƙance.

"Sa mini albarka, Inna."

"Allah ya yi maka albarka. Zauna."

"Na san ba ki jefar ba. Ki ba ni."

"Kashe ka take yi, ɗana."

"Sau biyu ya rage. In ban kai casa'in ba, Baba ba zai ƙara kallona ba. Ya sayar da zakaransa ja saboda ni, wanda bai taɓa faɗuwa ba. Mama ta riga ta gaya wa mutanen coci Amurkawa za su ɗauke ni. In kin hana ma wata zai sayo, ya ce in ya sayo da babban awo zai fara don a rama na yau. Gara wannan da na saba da ita."

Ina da ƙarfin da zan kulle ƙofa in kira acaɓa in kai shi asibiti ko uban zai mutu. Ban yi ba. Na buɗe firij da hannuna na miƙa masa, har da cewa ya gaya wa babansa ya rage. Wannan abu yana nan a raina har yau, kuma ba na jin zai fita.

Ranar dubawa Talata ce. Dukanmu mun je, Nereida da rigar zuwa coci, Chebo da sabuwar hula. Amurkawa uku da tafintansu suka zauna bayan raga, kowa da na'urarsa. Da aka kira Wilkin ya taka zuwa tudun jifa a hankali, kamar mai tafiya cikin taɓo. Jifan farko tamanin da tara. Na biyu casa'in. Na uku casa'in da ɗaya, na ga ɗaya daga cikin baƙin ya rubuta wani abu. Chebo ya matse mini hannu har na ji zafi, hawaye na zuba a fuskarsa. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana son yaron nan.

A jifa na bakwai Wilkin ya ɗaga ƙafa bai sauke daidai ba. Ya durƙusa, ya yi amai, ya kife a kan ƙasa. Kafin mu isa wurinsa na ji Plinio yana gaya wa tafinta zazzaɓin sauro ne, yana yawo a unguwar, mako ɗaya zai warware.

A asibiti wata likita ce ta karɓe shi, ƙarama, mai tabarau. Ta danna ƙafarsa, ta buɗe idonsa, ta fito ta same mu a baranda.

"Me yake sha? Me ake yi masa?"

"Ba komai, likita," in ji Chebo. "Ƙwai da madara, sai bitamin na kemis."

"Malam, ƙodar yaron nan ta tsaya, hantarsa ma ta taɓu. Ba ƙwai ne ya yi wannan ba. In ban san abin da ke jikinsa ba, a makance zan yi aiki. Mama, ke fa?"

Nereida ta sunkuyar da kai tana murza carbi. Ni kuwa na fita na tare acaɓa, na je gida na dawo da kwalbar, na ajiye a tafin hannun likitar a gaban idonsu. Ta karanta, ta dubi hoton dokin, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Wata uku," na ce. "Sau biyu a mako."

"Dole in kai rahoto. Yaro ne ƙarami. Wa yake yi masa?"

Chebo ya kawar da kai. Likitar ta juya ta shiga ɗakin jinyar, muka bi ta. Wilkin yana kwance da robar ruwa a hannu, ya farfaɗo. Ta sunkuya ta tambaye shi a hankali, ta ce kada ya ji tsoron kowa. Ya juya ido ya nemi ubansa. Chebo yana tsaye a bakin ƙofa, ya cire hular ya riƙe a ƙirji.

"Ni ne," in ji Wilkin. "Ni nake yi wa kaina. A ɓoye. Baba bai sani ba."

Likitar ta ɗaga zanin ta ga tabon allurai a ɗuwawunsa, dama da hagu, jere a layi yadda ƙwararren hannu yake yi. Ta dubi Chebo. Na jira ya buɗe baki. Ko kalma ɗaya ce, ko "ni ne" a ƙasan maƙoshi. Ya mayar da hularsa ya ce zai je ya nemo mota.

Na ce wa likitar ƙarya ne, uban ne, kuma a firij ɗina ake ajiyewa. Wilkin ya kama bakin zanena da ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce, "Inna, don Allah." Da mai ɗaukar rahoto ya zo washegari ya sake tambayarsa, ya maimaita abin da ya faɗa, uwarsa ta gyaɗa kai, Plinio ya aiko da shaidar cewa ya sha yi wa yara gargaɗi. Ni kuma aka ce ai kowa ya san ba na shiri da mijin ƙanwata. Maganar yaron aka rubuta.

Aka mayar da shi babban birni don a sa shi a na'urar wankin ƙoda. An yi masa sau biyu. A rana ta shida da hantsi, ina goge masa baki da auduga, ya tambaye ni ko Amurkawan sun kira. Na ce sun kira, sun ce suna jiransa. Ya lumshe ido. Kafin azahar ya cika.

To ku da kuke ganin yaranmu a talabijin suna jifa a ƙasar Amurka kuna tafi, ku sani a bayan kowane ɗaya akwai wasu da ba a taɓa faɗa muku sunansu ba. Ba baƙo ne yake shigowa ya cuce su ba. Uba ne da sirinji, da uwa da rediyo, da inna mai firij, da koci mai hannu fes. Kowannenmu yana da hujjarsa, kuma kowace hujja in ka saurare ta ita kaɗai sai ka ce gaskiya ce. Kantin maganin dabbobin nan har yau a buɗe yake, kuma mai shi bai taɓa tambayar mai saye ina dokinsa yake ba.

Ranar addu'ar kwana tara aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujeru, aka dafa shinkafa da wake da naman akuya. Plinio ya aiko da furanni masu tsada. An buga 'yan katuna da hoton Wilkin cikin kayan wasa, da addu'a a ƙasa, ana raba wa duk wanda ya zo. Ina zagayawa da kofi ina jin Chebo yana gaya wa masu gaisuwa, ɗaya bayan ɗaya, da murya a dashe, "Yaran yanzu ba sa jin magana. A ɓoye ya riƙa yi. Da na sani ai da na karya masa hannu." Tun yana faɗa yana kallon ƙasa har ya koma faɗa yana kallon idon mutane.

Da la'asar, mata na cikin ɗaki suna jan carbi, na zagaya bayan rumfar zakaru in zubar da ruwan wanke kofuna. Sai na ji murya ƙasa-ƙasa. Ofelio ne, wani mai acaɓa na layinmu, wanda ɗansa mai shekara sha uku ya shiga gidan horon Plinio bana.

"Kompadre, aminina, ka yi haƙuri da tambayar a rana irin ta yau. An ce casa'in da ɗaya ya yi?"

"Casa'in da ɗaya," in ji Chebo. Har a lokacin akwai alfahari a muryarsa.

"Daga tamanin da uku. A wata uku." Ofelio ya ja numfashi. "Ni nawa yaron rabi kawai zan riƙa yi masa. Yawa ne ya yi wa naka. Mene ne sunan allurar?"

Na tsaya da roba a hannu, ina jiran in ji Chebo ya kwaɗa wa Ofelio mari. Na leƙa. Chebo ya laluba aljihu ya ciro biro, ya karɓi katin addu'ar da ke hannun Ofelio, ya juya bayan katin, ya ɗora a gwiwa ya rubuta.

Na yar da robar na fizge katin daga hannun Ofelio. Na ce, "Ko kunyar hoton ba ku ji ba? Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba."

Ofelio bai yi fushi ba. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wadda baƙin ciki ya taɓa wa hankali, ya zaro makullin babur ɗinsa.

"Riƙe abinki, Fior," in ji shi. "Na riga na karanta."